Zuciyar Auta da Tukunyar Kaka

A ƙauyenmu, can gabas da Bande, idan mace ta haihu ba a tsayawa shawarar wadda za ta yi mata wankan jego. Kakarmu ce, mahaifiyar mahaifiyarmu. Gajeriya ce, baƙa, ga ƙwanji kamar na maƙeri, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta tsoma hannu a ruwan zafi ta ce wash ba. Tana da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ta gada, wadda sai mata biyu sun kama kafin a ɗora ta a murhu. Duk gidan da aka ga tukunyar nan ta shiga, an san an samu ƙaruwa.

Kowa ya san wankan jego, amma na Kaka daban yake. Wasu tsofaffin sukan sirka ruwan in sun ga mai jego ta fara kuka. Ita a wurinta sirki ha'inci ne. Sai ruwa ya tafasa yana tsalle, ta tsoma damin ganyen dogon yaro ta fyaɗa, ta sake tsomawa ta fyaɗa, safe da yamma. In an gama a shiga ɗaki a kwanta a gadon ƙasa da ta zuba wa garwashi a ƙarƙashi, sannan ga ƙwaryar kunun kanwa, wanda take zuba wa kanwar ungurnu da tafin hannu ba da yatsu ba. Matan garin suna tsoronta, suna kuma alfahari da ita. In mace tana son ta yi wa wata gori a bakin rijiya sai ta ce, "Ni dai tsohuwa ce ta gasa ni."

Ba mugunta ce ta sa take haka ba, mu na gida mun san dalili. Mahaifiyarmu ta rasu ne tana cikin jegon ƙanwata, wadda muke kira Auta. Ina ƙarama lokacin, abin da nake iya tunawa kaɗan ne: ƙafafunta da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da yadda take zama jingine da bango tana jan numfashi da baki. Damina ce mai ruwa, itace duk ya jiƙe, wuta ba ta kamawa sai hayaƙi. Mutane suka ce sanyi ne ya shige ta. Kaka ta ɗauki maganar nan ta riƙe gam. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, cewa take ruwan ne bai yi zafin da ya kamata ba. Tun daga shekarar ta kafa rumfa a bayan ɗakinta, tana tara busasshen itace tun rani, ko da cikin kowa bai fito ba. Ita ta raine mu ni da Auta, da faɗa, da dukan ludayi, da loma mafi girma a akushi.

Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama madam a Magaria, ina koyar da 'yan aji na ƙarshe. Kaka ba ta kirana da komai sai Madam, kuma in ta faɗa sai ka rantse zagi ne. Ta taɓa zuwa ta leƙa ajina ta tarar na zana zuciya a allo da alli ja da shuɗi. Da muka koma gida ta ce, "Ashe abin da gwamnati take ciyar da ke a kansa ke nan, zanen kayan ciki? Ai da mahauci suka ɗauka." Na ce mata mahauci bai san inda jini yake bi ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ga ta nan ta fi ni lafiya. Haka muke da ita, in muka kwana biyu ba mu yi cacar baki ba sai a fara tambaya wace ce ba ta jin daɗi.

Auta ba irina ba ce. Shiru-shiru ce, in aka ce mata zauna sai ta zauna. Ta yi aure a Kwaya, da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida kamar yadda aka saba. Ta haifi mace a farkon damina, daidai lokacin da muka samu dogon hutu, na tattara na taho. Ranar da aka ɗora tukunya Kaka ta dubi hadari, ta dubi rumfar itacenta, ta ce wannan karon sanyi bai isa ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki na fara ganin abin da ban so ba. Auta takan fito daga wanka tana dafa bango. In ta ba jaririya nono sai ta tsaya tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ta daina kwanciya a miƙe, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi gyangyaɗi. Zoben hannunta ya nutse cikin yatsa, ƙafafunta suka yi sheƙi, ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. In na tambaye ta sai ta ce, "Ba komai Yaya, gajiya ce."

Na ce, "Kaka, a kai yarinyar nan likita."

Ta ce, "Sanyi ne. Na san shi, mun taɓa gamuwa."

Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na tsaya a kanta a bakin murhu na ce, "Wai wanka za ki yi mata ko dafa ta za ki yi?" Ta ce in na haihu in yi wankana da alli ja da shuɗi, ba wanda zai hana ni. Na kai ƙara wurin babanmu, shi kuwa ba ya shiga maganar mata, balle wadda surukarsa take ciki. Ya ce in bi a hankali. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, ina kallon ƙanwata, tsoro yana cina.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Kaka ta gama fyaɗa ganye, Auta ta miƙe za ta ɗaura zane sai ta sulale. Muka kamo ta muka zaunar a tabarma. Tana tari wani kumfa-kumfa yana fitowa, leɓɓanta sun yi duhu, jijiyar wuyanta ta miƙe tana harbawa ana gani. Na buɗe baki zan fara masifa, sai na ga Kaka ta durƙusa ta kama ƙafar Auta, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta. Ta ɗaga yatsan, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta daɗe tana kallon ramin nan. Sannan ta juya ta kalli rumfar itace, ta kalli tukunyar da ke ta tururi.

"Wancan karon na ce itace ne," in ji ta, kuma ba da ni take ba. "Wannan karon itacen busasshe ne. Ruwan kuwa ni na san ya tafasa."

Ta miƙe ta ƙwala wa babanmu kira, ta ce ya ɗaura wa jaki amalanke yanzu-yanzu. Har yau in na tuna safiyar nan ƙaunar tsohuwar nan takan cika ni. Shekara da shekaru tana riƙe da magana ɗaya, a kanta ta kafa rumfa, a kanta ta yi suna, amma da idonta ya nuna mata wani abu daban ba ta kawar da kai ba.

A gidan likita na Bande majo, babban malamin jinya, ya ɗaura wa Auta abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya saurari ƙirjinta da bayanta, ya yi mata allurar da ke sa fitsari. Ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai Damagaram. Mijinta ya iso a kan moto, wato babur, daga Kwaya duk ya jiƙe da gumi, aka samo mota muka hau. Ni na riƙe jaririya. Kaka ta zauna a bayan Auta ta jingina ta da ƙirjinta, ta tallafe ta a zaune har muka isa, don ta lura da ta ɗan kishingiɗa numfashi yake ɗaukewa.

A Damagaram aka ba ta gado, aka sa mata iska a hanci, aka ci gaba da allurar nan. Kaka ce mai fitar da fo na fitsari, kuma duk fita sai ta dawo tana girgiza kai. "Duk wannan ruwan a jikin yarinyar nan yake? Ina ta ajiye shi?" Da kumburin ya fara sacewa, numfashi ya ɗan daidaita, aka ce a kai ta eko, wato na'urar da ake ɗorawa a ƙirji a ga zuciya tana motsi. Mai gadin ƙofa ya ce mutum ɗaya zai shiga da ita. Kaka ta yi kunnen uwar shegu ta wuce, ni ma na bi bayanta.

Likitar mace ce, siririya, da gilashi, ba za ta girme ni da yawa ba. Kaka ta kalle ta sama da ƙasa, na san me take rayawa. Aka kwantar da Auta a gefen hagu, aka shafa mata wani mai, aka ɗora kan na'urar a ƙarƙashin nono. Sai ga wani abu baƙi da fari ya fito a gilashin na'urar, yana motsi. Likita ta ga tsohuwa ta miƙa wuya, sai ta juyo da gilashin wajenta.

"Iya, matso ki gani. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki yakan dawo dama a gajiye. Dama ta tura shi huhu ya ɗauki iska. Daga huhu ya dawo hagu, hagu kuwa ita ce mai babban aiki, ita ke tura shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Kin ga wannan ɗakin na ƙasa? Kamata ya yi duk bugu ya matse sosai, kamar yadda kuke matsar tunkuza ku fitar da mai. Na jikarki ya saki, ya yi faɗi. Yana motsi, amma ba ya matsewa."

Kaka ta ce, "To ruwan ƙafa fa, daga ina?"

"In gaba ba ta tafiya, baya sai ta cushe. Jinin da bai samu wucewa ba yana taruwa a huhu, ruwansa ya tsattsafo, shi ya sa in ta kwanta take ji kamar tana nutsewa. Saura kuma ya taru a ƙafa da ciki."

"Sanyi ne ya kashe mata ƙarfin?"

"Ba sanyi ba ne, Iya. Wasu matan haka zuciyarsu take yi bayan haihuwa, har a ƙasashen da ba su taɓa jin labarin wankan jego ba, kuma mu kanmu ba mu gama sanin dalili ba. Abin da muka sani shi ne kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta samu ƙarin kaya. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, dole ta ƙara sauri don ta cika su. Mai ƙarfi takan jure. Wadda ta riga ta gaji kuwa, ga shi kina gani."

Kaka ta sha kunu. "Ke kin taɓa haihuwa?"

"Sau biyu. Kunun kanwa ma na sha, uwata ta tsare ni da ludayi."

Wannan amsa ta yi wa Kaka daɗi, na gani a bakinta, amma ba ta sauka ba. Ta ce, "Ni ban san yadda mai lafiya take ba, ta yaya zan gane wannan ba ta da lafiya? Ɗora min abin nan in ga tawa."

Kunya ta kama ni kamar in nutse, ga mutane a waje suna jira. Na fara jan zanenta ina cewa Kaka don Allah. Likita ta yi dariya, ta leƙa ƙofa, ta ce ta hau amma da sauri. Tsohuwa ta haye gado ta kwance zane. Da aka shafa mata man nan mai sanyi a ƙirji sai ta zabura ta ce, "Wash!" Auta da ke zaune tana haki ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin suna.

Sai ga zuciyar Kaka. Ko ni da ban iya karanta hoton ba na ga bambanci. Ba ta kai ta Auta girma ba, amma duk bugu sai ta dunƙule har bangon nan ya kusa taɓa wancan, ta saki, ta sake dunƙulewa. A tsakanin ɗakunan akwai wasu 'yan fatu sirara suna buɗewa suna rufewa. Likita ta ce ƙofofi ne, gaba kawai suke buɗewa don kada jini ya koma inda ya fito, kuma ƙarar da ake ji in an sa kunne a ƙirji rufewarsu ce. Ta murɗa wani abu, sai ƙarar ta cika ɗakin.

Kaka ta ce, "Wannan tawa ce?"

"Taki ce."

"Tun yaushe take wannan aikin?"

"Tun kina cikin uwarki, kafin a san mace ce ke ko namiji."

"Ba ta taɓa hutawa ba? Ko ina barci?"

"Hutunta shi ne ɗan tsakanin bugu da bugu."

Kaka ta zuba wa gilashin ido. Can ta ce a hankali, "Ikon Allah. Ni kuwa ko sannu ban taɓa yi mata ba."

Ni ma bakina a sake yake. Na zana abin nan a allo ba adadi, na sa yara sun haddace inda jini yake shiga da inda yake fita, amma zane ba ya motsi. Yau ga shi a gabana, ɗan tsokan da bai wuce dunƙulen hannu ba, wanda ya ɗauki matar nan ta yi noma, ta yi daka, ta haihu, ta binne 'yarta, ta raine mu, kuma har yanzu yana bugawa tsaf ba gardama.

Tana ɗaura zane, ta juya wa Auta baya, ta rage murya ta ce wa likita, "Uwar yarinyar nan a jegonta ta rasu. Ƙafa ta kumbura, kwanciya ta gagara, tari. Da damina ne, itace ya jiƙe. Irin wannan ne?"

Likita ta cire gilashinta. "Ban gan ta ba, Iya, ba zan rantse ba. Amma yadda kika faɗa, ya yi kama."

"Ke nan ko da itacen bai jiƙe ba."

"Ko da bai jiƙe ba." Ta ƙara da cewa, "Kin yi abin da kika sani a lokacin. Wannan kuma ke kika kawo ta."

Kaka ta kama hannun Auta muka fita. Yinin ranar ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin ya dame ni.

Washegari da hantsi ta ɓace. Ina cikin nemanta sai ga ta ta dawo daga wurin masu nama na bakin ƙofar asibiti, da zuciyar akuya a ƙunshe. Ta zauna a gindin bishiyar da masu jinya suke girki, ta ce, "Madam, zo ki yi aikinki." Ta tsaga ta da wuƙa a hankali, ba irin yankan miya ba. Muka sa kai tare, ni ina faɗin abin da na sani, ita tana laluben wurin da yatsa. Ta ce ta daɗe da sanin gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, shi take ba mai jego don ya fi tsoka, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Na ce shi ne hagu, mai tura jini nesa, dama kuwa huhu kawai take kaiwa, ga shi nan kusa. Ta gano 'yan fatun nan da fararen zaren da ke riƙe da su, waɗanda ta saba tsigewa ta zubar. Ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa a ɗakin da ba mu tsaga ba, ta ɗan matsa, sai fatun suka taso suka haɗe baki. Ta sake yi, suka sake haɗewa. Matan da ke girki suka kewaye mu, Kaka kuwa ta shiga yi musu bayani kamar ita ta ƙera abin. Daga baya ta gasa ta ta cinye, ko tayi ba ta yi min ba.

Aka sallame mu da magungunan sha da sharuɗɗa: ba kanwa, ba gishiri, ba ruwa mai ƙuna, ba gadon wuta, ba daka, kuma a dawo bayan kaka. Muka koma ƙauye arba'in ba ta cika ba, a nan kuwa rigima take jiranmu.

Uwar mijin Auta ta iso daga Kwaya da amalanke cike da itace, da ƙaton dunƙulen kanwa a cikin buhu. Mutuniyar kirki ce, tana son Auta, kuma tsoro ne ya kawo ta. A ganinta an katse wanka a tsakiya, jiki a buɗe, damina ga ta, in ba a ƙarasa ba yarinya za ta lalace har abada, a kuma ce sun karɓi ɗanyar mace. Kaka ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo fura, ta dunƙule hannu tana matsewa tana saki tana yi mata bayanin ɗaki huɗu. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Iya, ke ce kike faɗin haka? In kin gaji ne ki ba ni tukunyar, ni zan yi." Maƙwabta sun riga sun cika gidan, wasu suna gyaɗa kai. Uwar mijin ta ce wa mata biyu su kama tukunya su ɗora.

Kafin su motsa Kaka ta miƙe. Tukunyar nan da sai mutum biyu, ita kaɗai ta karkato ta, ta gangaro da ita tsakar gida, ta kife ta, ta haye ta zauna, ƙafafunta ko ƙasa ba sa taɓawa.

"Hajiya," in ji ta, "rabin matan da ke tsaye a nan ni na gasa su, ba wadda za ta koya min wuta. Na ga cikin ƙirjin yarinyar nan da idona, na ga nawa. Ke kin gani? Duk mai son dafa ruwa a gidan nan sai ta fara ɗaga ni."

Ba wadda ta matsa. Ni da na shirya baki tun safe ban samu inda zan sa shi ba. Mijin Auta, wanda ya sha zaman asibiti tare da mu, ya shigo ya durƙusa gaban uwarsa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta tashi ranta a ɓace. Itacen muka yi girki da shi, kanwar kuwa shanun babanmu suka lashe.

Abin bai tafi a banza ba. Aka yi ta cewa tsohuwa ta rikice, likitoci sun juya mata kai. Gidaje da dama da aka haihu a shekarar, wata tsohuwa daban suka kira, Kaka tana ji tana gani, kuma na san ya yi mata ciwo, don takan yi shiru in an buga guɗa a wata unguwa. Waɗanda suka kira ta kuwa ta je, da ƙaramar tukunya. Takan sirka ruwan ta gwada da gwiwar hannu, kanwa ɗan tsunkule, kuma kafin ta fita sai ta danna ƙwaurin mai jego. In rami ya zauna ba ta jayayya da kowa, amalanke take sa a ɗaura. Babbar tukunyar tana nan a kife inda ta bar ta, kaji suna hawa.

Auta kuwa ta ga gata da mulki. Kaka ce mai ba ta magani da hannunta, ita ce mai hana ta ɗaukar ko tulu. Miyar kuka ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen ɗanɗano, wannan ko mara lafiya sai ya yi ta maza. Da Auta ta fara ture kwano, Kaka ta daina cin tuwon gida ta koma cin nata. Kullum suna zaune kwano ɗaya, tsohuwa tana haɗiya tana tsine wa miyar, Auta tana dariya tana ci. Na koma Magaria da hutu ya ƙare, amma duk ƙarshen mako ina kan moto, kuma duk zuwa abin da nake fara kallo ƙafar Auta ce.

Bayan an ɗaure gero muka koma Damagaram. Wannan karon mai gadi da ya hango Kaka shi ya buɗe mata ƙofa. Aka ɗora na'ura. Kafin likita ta yi magana Kaka ta kai yatsa kan gilashin ta ce, "Ta fara matsewa." Likita ta auna, ta sake aunawa, ta ce gaskiya ne, ɗakin ya ragu, ƙarfi yana dawowa. Bai gama ba, a ci gaba da magani, kuma kada a yi gaggawar wani cikin sai an zo an duba. Kaka ta ce wannan a bar mata, ita za ta yi magana da mutanen Kwaya. Na tausaya musu tun daga nan.

Mun iso gida da la'asar. Na ɗora tukunyar tuwo, Auta tana zaune a tabarma tana ba 'yarta nono. Kaka ta zo ta zauna a bayanta, ta ɗage mata riga, ta manna kunne a bayanta ta gefen hagu, ta rufe ido. Ta jima a haka, sannan ta yafito ni.

"Madam, zo ki ji."

Na durƙusa na sa kunne. Ga shi nan, bugu biyu-biyu, ba gaggawa, ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗago zan yi mata wasa, sai na ga hawaye yana bin kuncinta. Tun da nake ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu.

"Ta uwarku ban taɓa ji ba," in ji ta. "Tana ɗaki, ni ina waje ina fama da wuta. Ga ta nan kusa da ni, ban sa kunne ba."

Ta ture ni gefe ta mayar da kunnenta. Auta ta miƙo hannu ta baya ta riƙe ƙafar tsohuwar. Muna nan zaune har tuwon ya kama, ba wadda ta tashi ta sauke.